Masu Fatsa A Bakin Zobe Da Makomar Kifinmu

 A makon nan za mu ajiye siyasa da tsadar rayuwa a gefe, mu nufi bakin ruwa, domin akwai wasu bayin Allah a can da na daɗe ina son in yi magana a kansu. Su ne masu fatsa, wato masu kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya, waɗanda ba da kifin suke ciyar da iyalinsu ba. Kowannensu yana da sana'arsa. A cikin waɗanda na sani a Dutsin-Ma akwai malamin firamare da ya yi ritaya, akwai tela, akwai ma'aikacin asibiti, akwai kuma wasu samari biyu da kan hau babur tun daga Kurfi ranar da ba su da aiki. A idon jama'a, magidancin da ya zauna a bakin ruwa awa huɗu yana kallon zare ya rasa abin yi ne. Ni kuwa ina ganin ruwanmu na bukatar irin waɗannan mutane fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da ruwan kansa. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma. Da ƙasa aka yi ta, tsawonta ya haura kilomita biyu da rabi, tana iya riƙe ruwa kusan mita cubic miliyan 180. An gina ta ne domin noman rani da ruwan sha, amma da ruwa ya kwanta sai kifi ya yi gida, masunta kuma suka biyo shi da jiragensu da kalli da birgi. Yau akwai gidaje masu yawa da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai an fito da karfasa ko tarwaɗa ko kurungu daga Zobe. Waɗannan su ne masu ruwa na asali, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa ba ya rage musu wannan haƙƙi.

Mai fatsa kuwa baƙo ne mai ladabi a wannan ruwa. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: sandar gora, zaren roba, ƙugiya biyu ko uku, da guntun tsohon silifa da yake ɗaurawa ya yi yawo a saman ruwa, in ya nutse ya san kifi ya taɓa. Tun da daddare yake haƙo tana a gindin randa ko bakin lambu, wani ya fi son hanjin kaza domin tarwaɗa, wani ƙullin dusa domin karfasa, in kuma damina ta faɗi shinge ya fito, to kasuwa ta buɗe. Ya san kifi ya fi ci da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Ya san in hunturu ya kankama kifi kan nutsa ƙasa ya rage ci, sai a wuni ba a ga ko kawara ba. Ya san gindin wane dutse tarwaɗa ke kwana. In ya kama uku ko huɗu ya kai gida a yi farfesu, in bai kama ba ya naɗe zarensa ya koma da hira. Sau da yawa na zauna tare da su, kuma ban taɓa ganin wurin da mai digiri da mai faci suke zama a kan dutse ɗaya, kowa na sauraren kowa, kamar wurin nan ba.

A wasu ƙasashe wannan sha'awa ta zama babbar harka. A Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da suke kira bas, wanda miliyoyin mutane ke bi tafki-tafki domin nishaɗi. Wani dillalin inshora daga jihar Alabama mai suna Ray Scott ya shirya gasar kamun wannan kifi a 1967, daga baya ya kafa ƙungiyar masu kama shi, kuma tun 1971 ake yin babbar gasarsu ta shekara-shekara. Suna da jiragen ruwa masu inji, da na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, da tashoshin talabijin da ke nuna gasar. Har yau suna ambaton wani manomi, George Perry, wanda ya kama bas mai nauyin kusan kilo 10 a jihar Jojiya a 1932. Matasanmu na ganin bidiyon waɗannan mutane a waya, jirgi da ƙyalƙyali su ne ke ɗaukar musu hankali. Abin da ya kamata mu duba yana bayan ƙyalƙyalin.

Abu na farko shi ne, masu fatsar can su ne ke biyan kuɗin kula da ruwansu. Tun 1950 akwai doka a Amurka da ta ɗora haraji a kan sanduna da sauran kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi domin raya kifi da gyara tafkuna. Baya ga haka, baligi ba ya jefa ƙugiya sai da lasisi. Abu na biyu, sun sa wa kansu iyaka. A farkon gasanninsu ana tara matattun kifaye tsibi-tsibi, har mutanen garuruwan da ake gasar suka fara ƙorafi cewa baƙi na ƙarar musu da kifi. Daga 1972 sai aka koma ajiye kifin da rai a cikin jirgi, a auna shi, a mayar da shi ruwa. Wanda ya kawo matacce a rage masa maki, wanda ya kawo ɗan ƙarami da bai kai ma'auni ba ba a ƙirga masa. Mutumin da ke son ya dawo ruwa baɗi da jikansa, shi ne ke fara ɗaga murya in ya ga ana ɓata ruwan.

To, a nan ne maganar ta dawo gida. Duk wanda ya san bakin ruwa a Arewa ya san yadda ake yi wa kifi kisan kiyashi. Ana jan taru mai ƙananan idanu, wani lokaci ma gidan sauro ake mayarwa koma, a kwashe uwa da 'ya'yanta har waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. A wasu wurare ana zuba maganin ƙwari a kududdufi ko a gurbin rafi, kifi ya taso, a kwashe a kai kasuwa mutane su ci. Doka ta hana. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa, ta kuma ƙayyade girman idon koma. Sai dai doka ba ta da ido a bakin ruwa da asuba. Masunci da yunwa ta matsa, ko da ya san illar abin, da wuya ya kai ƙarar maƙwabcinsa, domin gobe shi ma yana iya shiga halin. Mai fatsa shi ne mutumin da ke wurin a kai a kai, yana ganin komai, kuma cikinsa bai dogara da kamun ranar ba. Irin wannan shaida ba a samunsa da kuɗi.

Ilimin kifin kansa yana goyon bayan a sa iyaka. Uwar karfasa a bakinta take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da ba 'ya'yan mafaka a bakin na wasu kwanaki. Wanda ya kama ta a wannan hali ya kashe ɗaruruwa da kamu ɗaya. Tarwaɗa kuma da farkon damina take hawa cikin ciyawar da ruwa ya malale domin ta zuba ƙwai, kuma a daidai lokacin ne ta fi sauƙin kamawa, har da hannu yara ke damƙe ta. Ruwan da ake tatsa a lokacin haihuwar kifi, komai girmansa, wata rana zai zama kufai.

Na san akwai masu cewa kama kifi a sake shi wasan ƙoshi ne, bai dace da ƙasar da mutane ke neman na miya ba. Suna da gaskiya. Ƙari a kan haka, duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a Risala ta Ibn Abi Zaid an karhanta farautar da ake yi domin wasa kawai, an halatta wadda ba domin wasa ba. Huda bakin kifi da ƙugiya domin a ɗauki hoto a jefar da shi ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba na kira gare ta. Mai fatsarmu yana cin abin da ya kama, ko ya ba maƙwabci, wannan kuwa halal ne tsantsa. Abin da nake kira gare shi shi ne a mayar da wanda bai isa ci ba, da wadda ke ɗauke da ƙwai, a kuma tsaya in an sami na miya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, inda bikin su ya samo asali tun 1934 har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan hani. Kakanninmu sun san cewa ruwa ma yana bukatar hutu.

Akwai kuma abin da bai kamata mu aro ba ko kaɗan, wato kifin kansa. An kai bas ƙasar Japan a 1925, ya yaɗu ya riƙa cinye ƙananan kifayen ƙasar, har a 2005 gwamnati ta sa shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. A tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, an hana mayar da shi ruwa in an kama. A nan Afirka ma, giwan ruwa da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ta shafe nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa. Giwan ruwa tamu ce a kogin Kwara da tafkin Chadi, Turawa ma har tafkin Nasir na Masar suke zuwa domin su kama ta, amma a inda ba gidanta ba ta zama annoba. Saboda haka duk wanda sha'awa ta ɗebe shi ya ce zai kawo wani baƙon kifi ya zuba a Zobe, a riƙe hannunsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba zan rufe ido a kan matsalar tsaro ba. Shekarun nan mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, kuma bakin ruwa na cikin wuraren da tsoro ya fara kora mutane daga gare su. Lokacin da kifi ya fi ci, wato gab da magariba, shi ne lokacin da kowa ke sauri ya isa gida. Wasu daga cikin masu fatsar da na sani sun jingine sandunansu, wasu sun koma ƙananan ruwaye na kusa da gari. Ba na ba kowa shawarar ya sayar da ransa saboda tarwaɗa. Amma ranar da dattijo zai zauna a bakin Zobe har rana ta faɗi hankalinsa kwance, ranar ce za mu tabbatar zaman lafiya ya dawo, ko da ba a sanar a rediyo ba.

Me za a yi a aikace? Shawarata ga masu fatsa na Dutsin-Ma da Kurfi ita ce su haɗa kansu su zama ƙungiya, su je su gai da Sarkin Ruwa da shugabannin masunta, su shiga ƙarƙashin inuwarsu. Su yarda da ma'auni guda, ko da tsawon tafin hannun babba ne, duk kifin da bai kai ba a mayar da shi. Su ajiye ƙugiya na wasu makonni a farkon damina. Su sayi littafi ɗaya, duk wanda ya dawo daga ruwa ya rubuta rana da wuri da irin kifin da ya kama da tsawonsa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin kifi da kiwonsa, kuma littafin da aka cika shekara biyar ana rubutawa dukiya ce ga ɗalibanta, domin zai nuna ko kifin na ƙaruwa ko yana ƙanƙancewa. Ɗan kuɗin da za su riƙa tarawa a sayi rigunan kariya daga nutsewa, a kuma wayar da kan yara a kan tsargiya, wadda ake ɗauka ta hanyar shiga ruwan da ke kwance. In abin ya kafu, ana iya shirya gasar fatsa sau ɗaya a shekara da rani, da ƙugiya kaɗai, masunta su zama alƙalai.

Ga 'yan'uwana ma'aikata kuma, waɗanda hawan jini ya zama abokin tafiyarmu tun ba mu kai hamsin ba, ina ganin akwai magani a zaman bakin ruwa da babu shi a majalisar gulma ko a fuskar waya. Fatsa makarantar haƙuri ce, ga ta da arha, ga shi ana iya tafiya da yaro ya koyi sunayen kifayen ƙasarsu kafin ya koyi na ƙasar wasu. Yaron da ya taɓa mayar da 'yar karfasa ruwa da hannunsa, da wuya ya girma ya zuba wa rafi guba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci ruwanmu da abin da ke cikinsa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.