Judo, Kareti Ko Kokawa: Wanne Ya Dace Da Yaro?

Tun daga shekarun 1970, lokacin da finafinan Bruce Lee suka cika gidajen silima, yaran Sabon Gari da Samaru suke kwaikwayon tsalle da shuri a bakin titi. A wancan zamani iyaye wasa suka ɗauki abin. Amma matsalar ƙwacen waya da ta'asar 'yan sara-suka a garuruwan Arewa ta sa magidanta da dama, musamman ma'aikata, sun fara tambayar ko ya kamata a kai yaro inda zai koyi dabarun kare kansa, kuma wace iri za a zaɓa masa.

Kafin a yanke shawara, wajibi ne a san asalin kowace dabara da manufarta. Judo dai wani malamin makaranta ne mai suna Jigoro Kano ya kafa ta a birnin Tokiyo a 1882, bayan ya tace tsofaffin dabarun faɗa na Japan ya ware masu haɗari. Darasinta na farko shi ne yadda mutum zai faɗi ƙasa ba tare da ya ji ciwo ba, abin da zai amfani yaro ko a filin ƙwallo ko a kan keke. Kareti daga tsibirin Okinawa ta fito, ta dogara ga naushi da shuri. Taikwando kuwa ta Koriya ce, ta fi ba da ƙarfi ga ƙafa, kuma ana gasarta da rigar kariya da hular kai, a haɗa yaro da sa'ansa a nauyi. A wannan wasa ne Chika Chukwumerije ya samo wa Nijeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga kuma ya samo wa Nijar ta azurfa a 2016.

Ƙasar Hausa ma tana da nata gadon. Dambe, wanda aka san mahauta da shi tun kaka da kakanni, wasan maza ne da suka kawo ƙarfi, domin manufarsa ita ce a kai abokin karawa ƙasa da dunƙulallen hannu da aka naɗe da zare. Naushi a ka yana girgiza ƙwaƙwalwa, ta yaro kuwa ba ta gama ƙosawa ba. Dalili ke nan da ya sa ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da sanarwa a 2011 suna hana yara damben zamani, alhali ma shi ana sa safar hannu mai laushi. Kokawa ta fi dacewa da ƙuruciya, tun da a kan rairayi ake yinta kuma babu duka a cikinta. Jamhuriyar Nijar ta gane darajarta, ta kafa gasar Takobi ta ƙasa tun 1975.

Game da kare kai, akwai gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Horon nan yana ƙara wa yaro ƙarfin jiki da natsuwa, yana koya masa kuɓucewa idan an riƙe shi, yana kuma rage masa tsoron mai cin zali a makaranta. Amma ba ya tare wuƙa, balle harsashi. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya a watan Yunin 2021, da sace 'yan makarantar Kuriga a watan Maris na 2024, ba irin masifar da baƙin ɗamara zai yi maganinta ba ce. Wannan nauyi ne da ke wuyan hukuma. Haɗarin ma shi ne yaron da ya koyi shuri biyu ya tsaya jayayya da mai makami saboda waya. Malamin kirki tun ranar farko yake sanar da almajiransa cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Saboda haka zaɓen malami ya fi zaɓen wasa muhimmanci. Ya kamata uba ya je da kansa ya zauna a ɗakin horo, ya duba ko akwai shimfiɗa mai laushi a ƙasa, ko ana raba yara bisa shekaru da nauyi, ko kuma malamin yana da shaidar ƙungiyar wasan ta jiha. Duk wanda ke dukan yara da sunan horo, ko yake hana iyaye kallo, a guje shi. 'Ya'ya mata su ma suna da haƙƙi a wannan ilmi, a ƙarƙashin malama mace.

Zariya ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, ta daɗe tana yaye malaman motsa jiki. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari su haɗa hannu da jami'ar, a shigar da judo da kokawa cikin darasin motsa jiki na firamare, don kada horon ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.