Rabin Labarin Tsuntsayen Dagona Yana Hannunmu

A shekarar 1989, lokacin da ƙasar Bade da Nguru suke cikin tsohuwar Jihar Borno, Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, wanda a wancan zamani shi ne shugaban babbar ƙungiyar kiyaye namun daji ta duniya, ya taso tun daga ƙasarsu, ya ƙetare teku da hamada, ya zo ya tsaya a bakin wani ɗan tafki da ke gefen ƙauyen Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa, alhali kuwa babban abin da ya kawo shi wurin shi ne kallon tsuntsaye. Na tabbata a cikin jama'ar da suka taru a ranar ba a rasa wanda ya yi ajabi a ransa ba, yana cewa ina dalilin da mutum mai wannan daraja zai sha rana da ƙura saboda dinya da kirinjijiya, waɗanda yara ke jifa da danƙo. Wannan ajabin har gobe yana nan a zukatanmu, kuma shi nake so mu tattauna, domin yanzu Allah ya sanya a aljihun kusan kowane saurayi na'urar ɗaukar hoton da a wancan zamani sai manyan gidajen talabijin ke da irinta.

Shi tafkin Dagona ba wani babba ba ne, faɗinsa hekta 344 ne kacal, ragowar hanyar kogi ce wadda ruwa ya bari sa'ad da ya sauya magudana. Amma yana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin yashi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Kuma a cikin wannan fadama masana sun ƙidaya jinsin tsuntsaye sama da 370. An shigar da Dagona cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi da aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, sa'an nan a 2008 aka rubuta shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, bayan an riga an rubuta tafkin Nguru da magudanar Marma tun 2000. Takardun martaba dai ba su yi ƙaranci ba.

To, me ya sa Turawa suka damu haka? Dalili shi ne da yawa daga cikin tsuntsayen da ke sauka a nan daga watan Oktoba zuwa Maris nasu ne kamar yadda suke namu. A can Turai da Rasha suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe, idan sanyi ya taso ƙanƙara ta rufe ruwa sai su yi hijira, su ratsa Bahar Rum, su ratsa Sahara wadda ba ta da masauki, kuma ruwan farko mai yalwa da za su tarar bayan wannan wahala shi ne irin na Nguru da Dagona da Baturiya. Su kansu mutanen Turai sun daɗe cikin jahilcin wannan al'amari, har wasu malamansu na dā suna zaton tsuntsaye nutsewa suke yi cikin taɓo su kwana har bazara, sai a 1822 da aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin mutanen Afirka cake a wuyanta, wadda har yau tana ajiye a Jami'ar Rostok, hujja ta tsaya cewa lalle daga wata nahiya take dawowa. Akwai wani tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar abin da ya zube; a wajenmu launinsa na ƙasa ne, ba ya ɗaukar ido, amma idan ya koma arewa namijinsa yakan fitar da wani irin tulin gashi a wuya, su taru a fili suna rawa da faɗa don neman mata. Wannan rawar an ɗauke ta a fim sau ba adadi. Amma watannin da yake yi tare da mu, inda yake kwana, abin da yake ci, ranar da yake isowa da ranar da yake tashi, da yadda manomi ke ji da shi, wannan rabin labarin kusan babu wanda ya ɗauka, kuma babu wanda zai iya ɗaukarsa yadda ya kamata face wanda yake kwana ya tashi a wurin.

Mu kuwa mutane ne masu son kallon dabbobi, kada wani ya ce ba haka ba. Tun zamanin majigi, da ake kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, har zuwa yau da tashoshin tauraron ɗan'adam suka shiga kowane zaure, da wuya ka ga abin da ke tara dattawa da yara wuri guda ba gardama kamar fim ɗin zaki yana bin barewa a dajin Seringeti. Dattijon nan na Ingila, Dauda Attenborough, wanda ya fitar da babban shirinsa na tarihin halittu a gidan BBC a 1979, muryarsa ta shiga gidajen da ba a jin Ingilishi ko kaɗan. Sai ga shi yaron Gashuwa ya san yadda kada ke kama gwanki a kogin Mara na Kenya, amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda zalɓe ke kama kifi a bayan garinsu ba. Masana'antar fina-finanmu ta Kano, wadda ta faro da Turmin Danya a 1990, ta fitar da dubban fina-finai a kan soyayya da kishi da gado, ban kuwa ga laifinta ba, tunda abin da kasuwa ke nema ke nan. Sai dai ta bar wani fage a buɗe, wanda ba ya bukatar jarumi ko mawaƙi.

Kada kuma a ɗauka wannan sha'awa baƙuwa ce a cikin addininmu da iliminmu. Surori da dama na Alƙur'ani mai girma sunayen dabbobi suke ɗauke da su, daga saniya da ƙudan zuma har tururuwa da gizo-gizo da giwa, kuma kowane almajiri ya san ƙissar alhudahuda da Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Malam Jahizu na Basra, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya wallafa Kitabul Hayawan a mujalladai bakwai, yana tattara abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji daga makiyaya da maharba. Bayansa Shaihu Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya tsara Hayatul Hayawan bisa haruffa, yana kawo siffar kowace dabba da hukuncinta a fiƙihu. Waɗannan bayin Allah sun ɗauki nazarin halitta a matsayin reshe na tafakkuri, kuma da a ce sun sami abin da zai riƙe musu motsin fiffike da sautin kuka, ba na shakkar da sun yi amfani da shi.

Bari in faɗi kaɗan daga abin da mai haƙuri zai gani, idan ya je bakin ruwa bayan sallar asuba, ya sami gindin giyayya ko gabaruwa ya zauna, rana tana bayansa. Zai ga wani ɗan tsuntsu ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi yana tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa, saboda yatsunsa sun yi tsawo ƙwarai har suna raba nauyinsa a kan ganyen. Kuma a jinsin nan namiji ne ke kwanci da reno, idan ya ji tsoro sai ya kwashe 'ya'yansa a ƙarƙashin fukafukai ya ruga da su, ba ka ganin komai nasu sai ƙananan ƙafafu suna reto. Zai ga wani baƙin zalɓe ƙarami wanda yakan shiga ruwa mara zurfi, ya buɗe fukafukansa ya kifa su bisa kansa kamar laima, ya yi inuwa, ya dakata, ya cafke kifin da ya shigo, sa'an nan ya ɗaga ya yi taku biyu uku ya sake kifawa. Can kuma garken kirinjijiya zai tashi gaba ɗaya da fito mai gaɓa uku, masunci yana kwance bisa gorarsa yana tuƙi da hannu bai ko ɗaga kai ba. Duk wannan wayar hannu tana iya ɗauka, musamman idan an ɗaure ta a jikin sanda don kada hannu ya yi rawa, aka kuma kara idonta a bakin madubin hangen nesa. Hazon hunturu yakan dushe hoto, gaskiya ne, amma ba ya dushe sauti.

Na san abin da mai karatu manomi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, Malam, kai kana zancen kallon tsuntsu, mu kuwa tsuntsu ne ya hana mu barci. Jan-baki yakan sauko kan shinkafa da gero ya cinye wahalar shekara a 'yan kwanaki, yaranmu suna wuni a gona suna kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe. Haka ne, kuma duk wanda zai yi fim ɗin tsuntsayen wannan ƙasa ya ɓoye wannan, ya yi ha'inci. Amma a bi silsilar abin a gani. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara wadda ke cika fadama ta ja baya ta sauya hali: wani wuri ruwa ya daina isa, wani wuri kuma ya zauna rani da damina. Inda ya zauna sai kacala ta samu gindi, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-bakin da ake kuka da shi. Ashe ke nan ciwon manomi da na masunci da na makiyayi da na dinya asalinsa ɗaya ne, wato ruwa da yadda ake sakinsa daga sama. Wanda ya tsaya wuri guda a kowace shekara, a wata guda, ya ɗauki bakin tafki, yana tara shaidar da za a iya ajiyewa gaban hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, shaidar da ta fi ƙorafin baki ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai shaida ba ta karɓuwa sai da sharuɗɗanta, kuma a nan ya kamata mu ari ladabin malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar riwaya sai da isnadi. Kowane ɗan guntun bidiyo a faɗi ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da wanda ya ɗauka. Kada a ɗora masa kiɗan da zai binne kukan tsuntsun. Kada a ɗauko hoton wata ƙasa a ce Dagona ne don neman mabiya a TikTok. A kuma nemi tsofaffin masunta da maharba da Fulanin da ke shayarwa a wurin, a tambaye su sunan kowane tsuntsu da Badanci da Barbarci da Fulatanci da Hausa, a ɗauki amsar da muryarsu, domin ilimin da ke ƙirjinsu ba ya cikin kowane littafi. Irin wannan aiki yana da masu bukatarsa: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma da rahoton 'yan sa-kai masu waya a hannu take gina ta.

Wanda yake ganin babu gaggawa ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ganin ungulu a kwata. Mutanen da suka haura shekara 40 sun tashi sun tarar da ita jere a kan rufin mahauta a kowace kasuwa, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai, yau kuwa tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassanta wajen masu tsibbu. Gauraka ma, mai tukkun zinariya, da ake kiwo a gidajen sarauta, ya yi wuyar gani a dajin Nijeriya. Sun tafi a gaban idonmu, ba mu riƙe ko hotonsu na kirki da za mu nuna wa jikoki ba. Shamuwa har yanzu tana zuwa da damina ta yi sheƙa a kan tsamiyar unguwa, balbela tana bin shanu, cilakowa tana sauka a kan darbejiyar makaranta; mai son fara koyo ba sai ya je Dagona ba tukuna.

Idan kuwa ya je, to ya san wurin yana da masu tsaro, ya nemi izinin ma'aikatan gandun kafin ya shiga. Kada ya jefa dutse don garke ya tashi hoto ya yi kyau, domin tsuntsun da zai ƙetare Sahara a watan Maris kitsen da yake tarawa shi ne guzurinsa, kowane firgici kuma ragi ne a cikinsa. Kada ya kusanci sheƙa, kada ya ɗaure tsuntsu da zare ya ce a daji ya same shi. Dabba amana ce, kuma hoton da aka samu ta hanyar cutar da ita ba shi da albarka.

Roƙona ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da hukumar gandun daji, da Majalisar Masarautar Bade da ta Nguru, shi ne su haɗa kai su sanya gasar gajerun fina-finan tsuntsaye ta shekara-shekara ga ɗaliban sakandare da matasan ƙauyukan fadama, a yi bayani da harsunan gida, a tanadi 'yan madubin hangen nesa na aro, a ajiye kwafin kowane fim a ɗakin karatun jami'a, sa'an nan a zaga da waɗanda suka yi fice a nuna su a dandalin ƙauyuka da dare. Ku kuma samari, kada ku jira sai an kafa kwamiti: baƙin za su fara sauka a watan Oktoba, ku caja wayoyinku ku riga su zuwa bakin ruwa.