A Auna Ɗaki Kafin a Sayi 'Yan Tsaki

'Yan'uwa manoma, duk lokacin da ƙungiya ta tara kuɗi don kiwon kajin turawa, tambayar da ake fara yi a taro ita ce, "'Yan tsaki nawa kuɗinmu zai saya?" A ganinmu wannan tambaya ta yi gaggawa. Kamata ya yi a fara tambaya, nawa ɗakinmu zai ɗauka in sun girma?

Ɗan tsako mai kwana ɗaya bai cika tafin hannu ba, shi ya sa guda 100 a kwali ba su da yawa a ido. Amma kajin nama sukan ninka nauyinsu wajen sau huɗu a makon farko kaɗai, kuma gwargwadon cinsu, gwargwadon kashinsu. Guda 100 suna bukatar aƙalla ƙafa 7 tsawo da ƙafa 7 faɗi har mako huɗu. Bayan haka sai ƙafa 10 da 10. In ɗakin bai kai haka ba, a sayi 50.

In 'yan tsaki suka fara mutuwa, akan ɗora laifi a kan mai sayarwa ko sanyi. Sau da yawa kuwa laifin yana ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙwayar cutar nan mai sa kashin jini tana fita cikin kashi, ta nuna a shimfiɗa mai danshi da ɗumi cikin kwana ɗaya ko biyu, su kuma su tsattsage ta su haɗiye. Cunkoso da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, gonar wannan cuta ke nan. Allurar rigakafin da ake yi musu ta wasu cututtuka ce dabam, ba za ta hana wannan ba.

Saboda haka a shimfiɗa buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa busasshe, kaurin inci 3. Wanda ya yi fumfuna a zubar, yana lalata musu huhu. Kowace safiya a damƙi shimfiɗar a hannu. In ta dunƙule, ta jiƙe, a kwashe wurin a zuba sabuwa. Yawanci gindin abin shan ruwa ne yake fara jiƙewa, don haka in sun yi mako ɗaya a ɗora shi bisa bulo daidai da tsayin bayansu.

Akwai kuma masu toshe kowace kafa da tsumma lokacin hunturu, ga tukunyar gawayi a ciki. Ɗumi wajibi ne, amma hayaƙin gawayi yana kisa, har da mai kula da su. A bar kafa ta sama. In mutum ya tsuguna warin kashi ya sa masa hawaye, to su da suke kwana a ciki fa? A kewaye su da kwali a zagaye, gama a lungu suke taruwa su danne juna, a riƙa buɗa kewayen kowane kwana biyu ko uku.

Abin da ya fi kayar da ƙungiyoyi shi ne, ba a san wanda sharar take wuyansa ba. A rubuta suna da rana a manna a ƙofa, a ajiye takalmi ɗaya na shiga ɗakin kaɗai. Shimfiɗar da aka kwashe kuwa a tara ta a rami nesa da kajin ta ruɓe, sa'an nan a raba wa masu sharar su kai gonar masara.