Waiwaye: Dangin da Hanyar Gwanja ta Riƙe

A tsofaffin gidajen fatake na Kano da Bebeji da Madobi da Gummi da Jega, akwai maganar da tsofaffi kan rufe labarin mutum da ita: "Ya tafi Gwanja bai dawo ba." Daga nan sai a tsallaka zuwa na gaba a jerin kakanni. Alhali yawancin waɗannan mutane ba ɓata suka yi ba. Sun sauke kaya a wani zango, sun yi aure, sun hayayyafa, ajali ya riske su a can. Jikokinsu na nan yau a Kumasi da Akra da Tamale da Salaga, suna Hausa, suna kiran kansu Kanawa ko Katsinawa ko Gobirawa, ko da ba su taɓa taka waɗannan garuruwa ba.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe ta tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, amma a ƙarni na 19 ta yi tashe. A wancan zamani, goron da ake rabawa wurin ɗaurin aure da suna a ƙasar Hausa, a kurmin Asante yake fitowa, wato mutanen da fatake ke kira Tonawa. Su kuwa ba sa barin baƙi su kutsa cikin kurmin, sai dai a haɗu a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari kan tashi bayan damina da jakuna ɗaruruwa, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki. Su ɗauki kanwa da turkuɗi da jemammun fatu da gabu, su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Illo, su ratsa Bargu, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mangu da Yandi, sannan Salaga. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara cur. Mutumin da ke irin wannan tafiya shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne ya ajiye iyali a kowane ƙarshen hanya.

Abubuwa uku ne suka yanke zumuncin. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ƙasar Gwanja ta fice daga hannun Tonawa, su kuma suka janye goronsu daga Salaga. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salaga, mutanen zango suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a ɗora shi a dogo. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 kuma shi ma ya taka hanyar Gwanja yana matashi, na cikin waɗanda suka fara cin moriyar sabuwar hanyar. Jakuna suka daina zuwa, wasiƙun da ake ba madugai suka daina isowa. Wanda ke can ya zauna can.

Kakan mahaifina na cikin waɗanda suka zauna. Abin da ya rage mana nasa a Kano bai wuce sunansa da laƙabinsa da wata wasiƙar ajami da aka samu a gafakar kakana ba, wadda ta ambaci Salaga da sunan maigidan da yake sauka wurinsa. Da wannan guzuri na nufi Kumasi. A zango ba wanda ya damu da takardar shaida. Tambayoyinsu daban ne: daga wace unguwa ya fito a cikin birni, wane madugu yake bi, wane zane ne a fuskarsa, falke ne ko malami ko mahauci. Daga fadar Sarkin Zango aka miƙa ni ga wani limami, shi kuma ya haɗa ni da wani dattijo da iyayensa suka baro Salaga. Da ya gama saurarona sai ya ce, "Ɗana, mu maza sunan uba kawai muka riƙe. In kana son gaskiyar gida, nemi tsofaffin mata." Shawarar nan ta fi duk wata takarda da na taɓa karantawa amfani a wannan aiki.

Na haye tafkin Volta daga Yeji zuwa Makango, mota ta ƙarasa da ni Salaga. Wanda ya girma yana jin sunan garin a bakin tsofaffi zai yi tsammanin wani gagarumin birni. Gari ne matsakaici, mai shiru, sai tsofaffin rijiyoyi birjik ko'ina, shaidar taron mutane da dabbobin da ya taɓa ɗauka. A nan na sami wata tsohuwa, jikar kakan mahaifina ta ɗakin can, gwaggona ke nan. Hausarta irin ta zangon Gana ce, ba ta cika raba namiji da mace a magana ba, amma kirarin gidanmu da ta rero bai bambanta da wanda ake yi mana a Kano ba. Ta riƙe hannuna ta yi kuka, ni ma na yi.

Bayan an ci an sha na ce, "Gwaggo, ita kakar taku 'yar wane gida ce?" Ba ta yi wani jinkiri ba. Ta ce, "Ɗana, kakata ba Bahaushiya ba ce. 'Yar Gurunsi ce. Mutanen Babatu suka kamo ta tana yarinya, kakanmu ya saye ta a kasuwar garin nan, ya sa ta a ɗaka. Har ta mutu ba ta san sunan ƙauyensu ba. In tana daka takan yi wata waƙa da yaren da ba wanda ke ji."

Babatu ba tatsuniya ba ne. Shugaban mayaƙan Zabarmawa ne da suka taso daga yankin da ke cikin Nijar a yau, suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kabarinsa na Yandi. Salaga kuwa ba kasuwar goro kaɗai ba ce, tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Ana nuna wa baƙo wurin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, da wurin da ake jefar da gawar waɗanda suka mutu. Sunayen wuraren har gobe da Hausa suke: Wankan Bayi da Rafin Angulu. Ba Turawa suka raɗa musu ba. Kakanninmu ne suka raɗa, domin su ne ke cinikin.

Da na koma gida na ba da labari, an yi murna da samun dangi, aka karɓi lambobin waya, aka fara gaisawa. Amma da na kawo zancen 'yar Gurunsi sai wani baffana ya ce, "Kai, bar wannan. Abin da ya wuce ya wuce, kada ka zubar wa tsoho mutunci." Na fahimci nufinsa, kuma ina girmama shi, amma ban yarda da shi ba. Matar nan ta haifi rabin zuriyar mutumin da muke alfahari da shi. In muka rubuta sunansa muka share nata, mun sake yi mata abin da aka yi mata tun farko, mun raba ta da asali karo na biyu. Kuma mutuncin da sai an ɓoye gaskiya yake tsayawa, bai kai a gadar wa 'ya'ya ba.

Wannan ita ce cutar neman asali a wurinmu. Mafi yawan masu fita ba tambaya suke ɗauke da ita ba, amsa ce suka riga suka yanke, suna neman wanda zai sa musu hannu. Kowa so yake a ce kakansa daga Yaman ya fito ko Masar ko Bagadaza, ko kuwa sarauta ce ta kuɓuce masa. Ban cika jin wanda ya ce kakansa ɗan alaro ne da ya ɗauki huhun goro a ka daga Salaga zuwa Kano ba, ko baiwa ce da aka saya da kanwa. To, in kowa jikan madugu ne, su wa suka kora jakunan? Masana tarihin fatauci sun nuna cewa Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka riƙe cinikin goro, tushensu na arewa cikin jama'ar da ke ƙarƙashin Azbinawa, Kambarin Barebari kuwa daga Barno suka taso suka zauna Gummi. Zama da aure da kasuwa suka mayar da su Hausawa, kuma wannan bai rage musu komai ba. Haka Hausa ta ginu, da shigowar mutane ta kowace ƙofa.

Wanda ya san haka game da gidansu, bakinsa kan yi nauyi wajen kiran wani baƙo. Mutanen zango sun ɗanɗana ɗacin wannan kalma. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, aka kwaso mutanen da a can aka haife su aka nufo da su garuruwan da ba su san kowa ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin nata, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka fice daga Najeriya. A duka biyun akwai jinin gida ɗaya a ɓangaren masu kora da na waɗanda ake kora.

Su ma wuraren ba jiran mu suke yi ba. Alhaji Umaru, babban malamin nan kuma mawaƙi da aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, yaƙi ya mayar da shi Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya karantar a ciki yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogin Volta a Akosombo aka kammala madatsar a 1965. Rubuce-rubucensa sun tsira ne domin almajirai sun kwafa, kuma masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon sun bi gida-gida suna tattarawa. Mai neman nasa zai iya samun wani abu a irin waɗannan ma'ajiyoyi, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da takardun rabon gado na kotunan alƙalai. Sai dai takarda sunan mai dukiya take riƙewa. Sunan baiwa da ɗan dako da matar da aka auro daga ƙauye yana bakin tsofaffi ne kaɗai. Gwajin jinin da ake yayi yanzu ma ba zai faɗa maka unguwa ko laƙabi ba.

Saboda haka, mai karatu, kada ka jira sai ka tara kuɗin mota zuwa Gana ko Sudan ko Kamaru. Fara da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, cikin makon nan. Kai mata goro, ka zauna ƙasa, ka nemi izininta ka kunna rikodar waya. Tambaye ta uwayen kakanni kafin ubanninsu, da wanda ya tafi bai dawo ba, da inda aka ce ya nufa. Abin da ta faɗa, mai daɗi da marar daɗi, ka rubuta shi yadda ta faɗa, ka ba kowane ɗaki na gidan kwafinsa.