Gyara ko Shafe Tarihi? Batun Tsohuwar Jaguar a Gidan Gwanjo

Kowace shekara manyan gidajen gwanjo irin su Bonhams da RM Sotheby's sukan fito da tsofaffin motocin gudu na ƙasar Ingila, an gyara su tsaf suna ƙyalli, attajirai suna ta tayawa. Daga cikin waɗanda aka fi gani akwai Jaguar E-Type, wadda aka fara baje kolinta a birnin Janeba cikin watan Maris na 1961. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, kuma an shaide ta da gudun kusan kilomita 240 cikin awa guda. Wanda ya tsara siffarta, Malcolm Sayer, ya taɓa aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol, shi ya sa jikinta yake ratsa iska kamar kibiya. An ƙera sama da guda 70,000 a garin Coventry.

To, amma mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa: wannan da ake tayawa, ita ce wadda ta fito daga masana'anta, ko kuwa sabuwa ce aka laƙaba mata tsohuwar lambar shasi?

Dalilin tambayar yana cikin darasin kimiyyar sinadarai da ɗalibai suka sani. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin sai ya yi tsatsa. Gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara yana ƙara wa ruwa ikon ɗaukar lantarki, don haka cin ƙarfen yake sauri. Ita kuwa tsatsar baƙin ƙarfe ba ta manne wa jiki ta kare abin da ke ƙasa, kamar yadda ta alminiyam take yi; ɓarewa take, ruwa ya sake samun hanya. E-Type kuma ƙarfin tsakiyarta a jikin bodi yake, saboda haka in daɓen ƙasa ya ruɓe, babu makawa sai a yanke a yi waldar sabo. Wannan ba ni da ja a kansa.

Inda nake da ja shi ne gyaran da ya wuce magani ya zama kwaskwarima. Samfuran farko suna da akwatin giya na kamfanin Moss, wanda giyarsa ta ɗaya ba ta da na'urar daidaita juyi, sai direba ya ƙware kafin ta shiga ba ƙara. Wutarsu daga dainamo take, kuma sukan yi zafi a cunkoso. Masu gyara da dama sukan cire waɗannan su sa giya biyar, da altaneta, da fankar zamani, su fesa fentin da ya fi na asali sheƙi. Motar ta fi daɗin tuƙi, haka ne. Sai dai waɗannan nakasu su ne shaidar inda ilmin injiniyoyi ya tsaya a 1961, kuma daga cikinsu ɗalibi zai gane dalilin da ya sa aka sauya akwatin giya da tsarin wutar a 1964. Wanda ya cire su tamkar wanda ya sami tsohon kundi ne ya bi yana goge kurakuran marubucin.

Har kotu batun ya taɓa kaiwa. A 1990 babbar kotun Landan ta saurari ƙarar wata Bentley mai laƙabin Old Number One, wadda ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930, aka sāke mata sassa, ta yi mummunan hatsari a 1932, aka sake haɗa ta. Cinikin na fam miliyan 10 ne. Alƙali ya yanke cewa ita ce, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba. Wato takardu da shaidu ne suka tsayar da motar.

A ganina nan ya kamata gidajen gwanjo su ɗauki darasi. A tsayar da tsatsa, a sauya abin da zai iya kashe direba, kamar birki da tayoyi. Sauran kuwa a bar su, duk abin da aka cire a adana shi ya bi motar, kuma takardar gwanjo ta faɗi ɓaro-ɓaro wane ƙarfe ne na Coventry, wane ne na mai walda.