Suna Ba Ya Hana Rusau: Abin da Ya Faru a Birnin Memphis

Memphis birni ne a jihar Tennessee ta Amurka, a bakin kogin Mississippi, mai mutum kimanin 630,000. An kafa shi a 1819, kuma kogi da auduga ne suka raine shi. A titin Front, dab da ruwa, dillalan auduga suka jera ofisoshinsu, jiragen ruwa suna lodi suna gangarawa New Orleans. Yanzu jirgin sama ya karɓi aikin, domin tun 1973 kamfanin FedEx ya mai da filin jirgin garin cibiyar rarraba kayansa.

Amma 'yan uwa, abin da ya fi dacewa mu duba a garin shi ne yadda ta kaya da wurare uku a cikinsa.

Na farko titin Beale. A zamanin wariyar launin fata, nan ce kasuwar baƙaƙen fata: shaguna, teloli, likitoci, gidajen abinci da makaɗa. A nan attajiri Robert Church ya buɗe bankinsa a 1906. Titin ya yi suna har gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1966. Wannan bai cece shi ba. Bayan kisan Martin Luther King a otal ɗin Lorraine a 1968, ciniki ya mutu a tsakiyar gari, hukuma ta shigo da shirin da ta kira sabunta birni, katafila ta share gidaje da shagunan da ke kewaye. A 1983 aka sake buɗe titin a matsayin wurin shaƙatawar baƙi. Cikin tsofaffin shagunansa guda ɗaya ya rage, A. Schwab na 1876, shi ma ba na baƙar fata ba ne.

Na biyu gandun shaƙatawa na Overton. Gwamnati ta yi niyyar ratsa babbar hanyar I-40 ta tsakiyarsa. Maƙwabtan wurin suka kafa ƙungiya, suka ɗauki lauyoyi, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta ba su gaskiya a 1971. Daga baya aka haƙura da aikin. Itatuwan suna nan tsaye har yau.

Na uku unguwar Orange Mound, inda tun 1890 aka riƙa yanka filaye ana sayar wa baƙaƙen fata, suka gina gidajen kansu. Talauci ya taɓa ta ƙwarai, gidaje da dama sun zama kango, amma unguwar tana nan da sunanta da mutanenta.

A ganina abu biyu ke tsare wuri: takardar mallaka, da ƙungiyar da ta san hanyar kotu tun kafin a shafa wa bango jan fenti. Daɗewa a wuri da yin suna, ko yawan harajin da ake biya, ba sa tsayar da katafila.

Wani zai ce ai titin Beale yanzu yana kawo wa gari kuɗin masu yawon buɗe ido. Haka ne, amma telan da aka tasa bai ci komai a ciki ba. Wani kuma zai ce mutanen Overton galibi farare ne masu hali, shi ya sa aka saurare su. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa bukatar asusun haɗin gwiwa da lauya na dindindin. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Duk wanda ke kasuwanci a garin da ba na kakanninsa ba, ya tambayi shugabannin kasuwarsu tun yau: filin nan da sunan wa yake, kuma takardar tana hannun wa?