In Nas Ta Dawo Miki Da Kaya

'Yan uwa mata, a makon nan wata 'yar uwarmu tela daga Rurum Tsohon Gari, can ƙasar Rano kusa da madatsar ruwa ta Tiga, ta aiko mana da kukanta. Ta ce ta sayar da akuyarta, ta hau mota har Kantin Kwari ta yanko farin yadi, ta ɗinka wa nas-nas na wani asibiti inifom da hijabi, amma ko mako biyu ba a yi ba aka dawo mata da su. Wai yadin shara-shara ne, wai aljihu ya yi ƙanƙanta, wai hannun riga ba ya naɗuwa, wai hijabi ya yi tsawo. Ta rantse ba ta ƙara ɗinka wa ma'aikatan asibiti ko da ɗankwali, don a ganinta wulaƙanci ne irin na 'yan boko.

Mun tausaya mata ƙwarai, domin jarin mace a karkara ba wasa ba ne. Amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma za mu faɗa: a cikin abubuwa huɗun nan ba mu ga wulaƙanci ko ɗaya ba.

Ke 'yar uwa mai keken ɗinki, ki tuna rigar nas kayan aiki ce, kamar fartanya ga manomi. Nas tana wanke hannu kafin ta taɓa majinyaci da bayan ta taɓa shi, sau da yawa har zuwa gwiwar hannu. In hannun riga ya ƙi naɗuwa, sai ya jiƙe, ya kwashi datti daga wannan gado zuwa wancan. In hijabi ya yi tsawo, da ta sunkuya wanke miki ko karɓar haihuwa sai ya faɗa cikin jini. Aljihu kuwa nan ne mazaunin almakashi da biro da ma'aunin zafin jiki. Farin yadi mara kauri, wanda za a riƙa jiƙawa da ruwan Jik ko Hypo kullum, ba zai kai wata uku ba, balle kuma kunyar tsayawa da shi gaban mutane cikin rana. Duk wannan nas ce ta sani, ke ba ki sani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko safar hannun nan ta roba da kuke gani a asibiti, ƙorafin wata nas ne ya haife ta. A wajen 1889, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wata nas mai suna Caroline Hampton ta koka cewa maganin wanke hannu na ɗakin tiyata yana cinye mata fata. Likita William Halsted bai ce ta cika tsirfa ba, sai ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba mara kauri. Daga nan abin ya bazu duniya. (Daga baya ma ya aure ta, amma wannan wani zance ne.)

Akwai kuma sukar da ba a ciniki a kanta sam, watau wadda ta shafi rai. Lokacin da cutar korona ta shigo Kano a watan Afrilun 2020, teloli da yawa sun ɗinka takunkumin fuska, sun kuwa taimaka. A watan Yuni na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce na yadi ya kasance falle uku, ta kuma ce masu jinyar marasa lafiya na asibiti za su sa, ba na yadi ba. Nas ɗin da ta ƙi sayen naki a lokacin ba ƙiyayya ta yi miki ba. Haka ma masu haɗa sabulun ruwa a gida: in aka ce sabulunki yana tsattsaga hannu, to soda ta yi yawa, ki koma kan ma'auni, kuma ki nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin irin wannan aiki.

Ba mu ce kowace suka gaskiya ce ba. Mun san halin kasuwa, wata tana kushe kaya ne don a rage mata kuɗi, wata ma don ƙanwarta tela ce. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki tambaye ta, “Sista, a wane aiki ya dame ki? Nuna mini.” Mai gaskiya nan take za ta sunkuya ta nuna miki inda hijabin yake taɓa gado. Mai neman rahusa sai kame-kame. In kuwa mutum uku da ba su haɗa baki ba suka faɗi abu ɗaya, to ki daina musu.

Su ma nas-nas muna da magana da su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ba a gaban majinyata ake jefa wa mace kaya ba. Ku faɗi abin da kuke so tun kafin a sa almakashi, ku ba da kafin alƙalami, kada asara ta faɗa kan mai akuya ɗaya ita kaɗai.

Ga 'yar uwarmu ta Rurum, shawararmu ita ce ta janye rantsuwar nan, ta nemi malami ya gaya mata yadda ake kaffara. Kasuwar tana da faɗi, domin makarantun aikin jinya na Kano da Madobi da ta ungozoma a Dambatta suna ta yaye ɗalibai, kuma kowace tana bukatar inifom. Ta nemi izinin shugabar nas-nas ta zauna hantsi ɗaya ta ga yadda suke aiki. Ta ɗinka riga ɗaya tak, ta ba mafi yawan ƙorafi a cikinsu ta sa na mako guda, ta wanke, sannan a rubuta gyaran a takarda kafin a yanka sauran. Hijaban da aka dawo da su kuwa, a rage musu tsawo a yi musu maɗauri, yadin da ya rage ya isa faɗaɗa aljihu.